Gida na Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, jikata Mufida ta tarar da ni ina sharar tsakar gida. Tun rasuwar matata, shekara tara ke nan, ni kaɗai nake zaune a gidan nan na Yelwa. Ni nake shara, ni nake dafa shayina.

"Ango, aje tsintsiyar ga," in ji ta. "Ɗauko tsohon littafinka. Rakiya za ka yi mini."

"Amaryar da ba ta shara, mi zan yi da ita?"

Ba ta yi dariya ba. A nan na san da magana.

Mufida ɗiyar ɗiyata ce, kwamfuta ta karanta. Ita ta haɗa wa wata ƙaramar makaranta a Sabon Ɗinya, bakin tafki ta wajen Ngaski, wasannin koyon lissafi a kwamfutocin hannu guda goma. Ɗaya daga cikin wasannin daga littafina ta ciro shi. A 1968, da za a tare ruwa a Kainji, ni ne saurayin da ya fito makarantar mishan, sai aka ba ni aikin rubuta gidajen tsibirinmu, Gungun Ɗinya, kafin ruwa ya ci shi. Gida arba'in da ɗaya, kowanne da sunan mai shi da yawan mutanensa. Na ajiye kwafi. A wasan, yaro yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga mutanen da aka zana a ƙofa, ya rubuta adadinsu. Gida na ƙarshe fanko ne, don yara su koyi sifili.

Zaidu mai jirgin inji yana jiranmu a bakin ruwa, ƙaton mutum mai yawan raha. Muka shiga, ya ja igiya. Sai da warin banda da hayaniyar kasuwa suka koma bayanmu sannan Mufida ta yi magana.

"Ɓarawo ke shigar mini. Kullum dab da magariba, a wasan gidaje. Sau uku na'urar da na haɗa tana rufe shi, sau ukun duk ana tarar da kwamfuta ɗaya a farfashe, jiƙe sharkaf. Jiya maigadi, Haruna, ya tsaya cikin ɗakin don ya kama shi. Yana asibiti yanzu, hannunsa ya karye wuri biyu. Ya rantse bai ga kowa ba."

"Ita na'urar, yaya take gane ɓarawo?"

"Hanyar Bayes ake ce mata. Tambayi Zaidu, da ita ya girma. Zaidu, lokacin da kake su, ina kake fara jefa koma?"

"Inda na samu jiya."

"In ka jefa babu?"

"In rage sa rai, in gusa gaba."

"To ka ji, Kaka. Ka fara da zato, kowace hujja ta zo ka gyara zaton. Da haka take gane wasan da ya dace da kowane yaro, ta miƙa mishi. Da haka kuma take tsaro. Ta san saurin yatsan kowa, da lokacin da yake wasa, da irin kuskurensa. In wani ya shigo yana abin da bai yi kama da nasu ba, sai zatonta cewa ɓarawo ne ya riƙa hawa. In ya kai casa'in da tara cikin ɗari, ta rufe mishi wasan."

"Ashe ni ma injiniya ne," in ji Zaidu. "Don Allah a gaya wa matata."

"Ni mine ne nawa a ciki?" na ce.

"Gida arba'in yana cinye su daidai. A na ƙarshe yake faɗuwa. Amsa sifili ce, shi kuwa ɗaya yake rubutawa. Ina so ka duba ko ni na kwafa ba daidai ba."

Ban buɗe littafin ba. Na san abin da ke ciki.

Gida na arba'in da ɗaya bukka ce a gindin ɗinya, a ƙarshen tsibiri. Ba a taɓa ganin mai ita ba, amma kowace safiya ƙofarta a share take, har da sawun tsintsiya. Tabawa ake ce mata. Kifin farko na kowace shekara nata ne. Ranar tashi, tsofaffi suka ce sai an kira kowane gida da sunansa sau uku daga cikin jirgi, don mutanen fili da na ɓoye su taso tare, kada a bar kowa ga ruwa. Wanda aka kira, mai kiran yake bi. Ni na iya karatu, ni aka ba kiran. Na kira arba'in. Da na zo na ƙarshe na ga sifilin da na rubuta da hannuna, sai na rufe littafin. Ni ɗan makaranta ne, ba zan tsaya ina kiran bukka ba. Mai gari ba ya ji sosai. Ya tambaye ni, "Ishaya, ka kira Tabawa?" Na ce na kira.

Shekara hamsin da doriya ban gaya wa kowa ba. A jirgin nan ma ban faɗa ba.

Ruwa ya janye sosai a watan nan. Da muka zo saitin tsohon tsibirin Zaidu ya rage wuta saboda kututture, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, kamar yadda masu jirgi ke yi. Wani baƙin reshe ya leƙo sama da ruwa. Babu tsuntsu ko ɗaya a kansa.

Ƙarfe shida da minti goma muka sauka. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta kwano, taku sittin daga ruwa, da farantin sola a kai. Mutanen gari duk sun shige gidajensu. Ko akuya babu a waje.

Mufida ta buɗe kwaɗo. Wari ya tare mu: laka, da ruɓaɓɓen ganye, irin na ƙasan ruwa da bai taɓa ganin rana ba. Kwamfutoci bakwai da suka rage suna cikin kabad na ƙarfe, a kulle. Ta zauna, ta buɗe tata babbar, ta juyo mini da ita.

"In ya shigo, a nan za mu gani."

Zaidu ya jingina da ƙofa, da gora a hannu. Rana ta yi ja ta taga. Kwaɗi suna kuka.

Sai suka yi shiru gaba ɗaya.

Haske ya fito ta tsagar kabad.

Tap. Tap. Ƙarar yatsa a kan gilashi, jiƙaƙƙen yatsa. Ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan kabad ɗin, baƙi, yana bin siminti.

"Gida na ɗaya," Mufida ta raɗa. "Tara. Daidai."

Gidan mai gari ke nan. Na biyu, shida. Na uku, goma sha ɗaya, gidanmu. Mai taɓawar ba ta tsayawa ƙirga. A gefen allo lambar zaton ɓarawo tana hawa: arba'in, hamsin da biyu, sittin da takwas.

"Kaka, babu waya a jikin kabad ɗin nan. Babu kowa a netwok. Daga ciki ake taɓawa."

Zaidu ya fara karanto addu'a.

Gida na arba'in da ɗaya.

Tap.

"Ɗaya," in ji Mufida. Na'ura ta yi ƙarar kuskure. Lamba ta koma tamanin da bakwai.

"Mufida," na ce, "na'urarki, zato nawa kika ba ta?"

"Biyu. Ko ɗalibi, ko ɓarawo."

"In ba ɗalibi ba ne, ba kuma ɓarawo ba? In mai gida ce?"

Tap. Kuskure. Casa'in da shida.

"Wannan sifili na ba shi." Ta ɗago kai daga allon. "Abin da ka ba sifili tun farko, ko hujja dubu ta zo ba za ta motsa shi ba. Haka lissafin yake."

"Hana ta rufewa!"

"Da kanta take..."

Tap.

Allon ya yi ja.

Ƙofar kabad ta ɓalle da ƙara kamar bindiga. Ta sami Zaidu a fuska. Na ji ƙashi ya ba da sauti, na ga haƙora biyu suna gangarawa a siminti. Bai gama faɗuwa ba aka ɗaga shi, ƙaton nan, aka maka shi da bango. Kwano ya lotse. Ya zame ƙasa, jini na bin gemunsa.

Kwamfutoci suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Gilashi ya tsaga mini kunci.

Mufida ta miƙe. Ƙafarta ta hagu ta tafi baya, ita kaɗai. Haɓarta ta daki teburi. Na ga shatin yatsu biyar na laka a idon sawunta, dogaye, suna nutsewa cikin nama.

Aka ja ta.

Ta ƙofa. Ta kan dakali. Kanta ya bugu da matakala.

"Kaka! Innalillahi! Kaka!"

Shekarata saba'in da takwas. Ban san na iya gudu ba. Ta bar jan layi a kan duwatsu, faratanta na karcewa. A bakin ruwa na cim mata, daidai jirgin Zaidu. Na kama hannunta. Aka fizga. Na ji kafaɗarta ta goce a hannuna, ta yi ihun da har yau nake ji.

Ruwa ya kai mata ƙirji.

Ya kai wuya.

Na faɗa cikin jirgin da ciki, ina riƙe da ita da hagu. Daga cikin jirgi ake kira. Haka tsofaffi suka ce.

"Gidan Tabawa! Ku taso, mun tashi!"

Jan ya tsaya. Bai saki ba.

Wani abu ya fito daga ruwa ya kama hannuna na dama, hannun da nake rubutu da shi. Sanyi kamar ƙarfe. Ban ga fuska ba. Na ga gashi kawai, shimfiɗe a kan ruwa, ya fi jirgin tsawo.

Ƙaramin yatsa ta fara lanƙwasawa baya. Ya karye.

Na kusa da shi. Ya karye.

"Gidan Tabawa! Ku taso, mun tashi!"

Na tsakiya. Babban yatsa. A hankali take yi, kamar mai ɓare gyaɗa.

Saura manuni. Ta riƙe shi, ta ɗaga shi sama, a gaban idona.

Ɗaya.

"Na gani," na ce. "Ƙarya na yi. Mutum ɗaya ne. Gidan Tabawa, ku taso, mun tashi."

Ruwa ya kwanta.

Mufida ta taso tana aman laka. Can cikin gari aka kira sallar magariba, kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

A garin muka kwana. Da safe ƙanen Zaidu ya zo ya tuƙo mu zuwa Yelwa, mu uku a kwance. Sau biyu yana tsayawa ya leƙa ƙarƙashin benci, wai jirgin ya yi nauyi kamar an ɗora buhu biyar na shinkafa, ga shi bai ga kaya ba.

Zaidu ya warke, amma ya daina raha, kuma ba ya bin wajen Ngaski ko nawa za a ba shi. Mufida tana ɗingishi, shatin nan biyar bai goge ba. Ta gyara wasan. A ƙofar gida na ƙarshe ta zana mace ɗaya, ta juya baya, sifili kuwa a wani wasan yara ke koyonsa yanzu. Ta kuma ƙara wa na'urar zato na uku. Ɗaya cikin dubu ta ba shi. Ta ce ƙarami ne, amma yana iya motsi. Tun ranar ba a sake taɓa kwamfuta da magariba a Sabon Ɗinya ba.

Ni da hagu na rubuta wannan, shi ya sa ya ɗauke ni wata huɗu. A hannun dama manuni kaɗai ke aiki. Tsintsiya ma ba na iya riƙewa, amma ban nemi mai yi mini shara ba. Kowace safiya ina tarar da tsakar gida fes, da sawun tsintsiya a jere har bakin ƙofar ɗakina, ƙasar da ɗan danshi.

Makon jiya ma'aikatan lafiya suka zo rabon gidan sauro. Wata yarinya mai takarda ta tsaya a zaure, ta gaishe ni.

"Baba, mutum nawa ne a gidan ga?"

Na ce ta rubuta biyu.