Randar Shugabar Magina

A wani zamani can baya, an yi wasu mata magina tukwane a wani ƙauye, shugabarsu wata tsohuwa ce. Tsohuwar nan dokarta guda ce: duk ranar gashin tukwane, wadda tukunyarta ta tsage sai ta kawo ta tsakiyar taro. Tsohuwa ta ɗaga tukunyar ta ce, "Me ya fasa ki?" Ba mai tashi sai an gano dalili. Da haka kayansu suka yi ta ƙara kyau kowace shekara.

Ran nan aka yaye toka, kayan kowa lafiya lau, sai randar tsohuwa ce ta tsage daga gindi. Ba wadda ta gani, ga kuma juji nan kusa. Tsohuwa ta daɗe a tsaye, tana tuna shekara arba'in da ta yi ita ke yi wa kowa gyara.

Sai ta rungumo randar ta dire a tsakiyar taro, ta ce, "Me ya fasa ki?"

Can wata mai suna Tabawa ta shafa tsagar ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Yumɓun ne bai kwaɓu ba. Hannunki ya fara gajiya."

Tsohuwa ta dubi hannuwanta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Gaskiyarki, 'yar nan. Daga yau ke za ki riƙa kwaɓa mini. Amma fa bakin tulunki har yanzu a karkace yake. Gobe ki zo da wuri in nuna miki."