Adadin da Abdulƙahhar Ya Aiko

A shekara ta tara da naɗin Mai Unguwa Maje a Kwaciri, ana tsakiyar damina, Malam Habibullah na Fagge ya fito da wata takarda daga gafakar kakanninsa. Shekarunsa sun haura saba'in, idonsa ya fara rauni, yana gudun ya bar duniya bai san abin da ta ƙunsa ba.

Asalin takardar, kamar yadda gidan ke ruwaitowa, tun kafin zuwan Turawa ne. Da Malamin Hisabi na fada ya rasu, 'ya'yansa biyu suka nemi rawaninsa. Ƙaramin, Abdulƙahhar, shi ya gaji ilimin. Babban, Ma'u, shi ke da kunnen Galadima, kuma ya kai sarar cewa ƙanensa na aika wa abokan gaba asirin gari. Aka naɗa Ma'u. Abdulƙahhar ya bi ayarin fataken Gwanja. Bayan shekara bakwai wani madugu ya kawo takarda daga gare shi, babu gaisuwa, babu suna, sai adadi ɗaya: dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da shida. Ma'u bai gane ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Jikoki suka ɗauka yawan mayaƙa ne.

Malam Habibullah ya kai ta Sabon Gari, wurin Celestine, tsohon malamin lissafi da suka koyar tare shekara talatin. Celestine ya ɗauki fensir, ya yi ta raba adadin biyu har sau huɗu, abin da ya rage ya fito ashirin da uku sau arba'in da bakwai. Ya jero dukkan lambobin da ke raba adadin ba saura, ban da shi kansa, ya tara su, suka ba da dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha shida. Ya yi wa wannan ma haka, sai ga adadin farko ya dawo.

Ya ajiye fensir ya ce, "Malam, wannan ba lissafin yaƙi ba ne. Irin waɗannan lambobi masana na kiransu aminai. Kowanne, in ka tara sassansa, ɗan'uwansa yake fitarwa. Rabi ya aiko, yana jiran a mayar masa da ɗaya rabin."

Malam Habibullah ya sake duban takardar. Can ya ce, "Ashe sulhu ya nema. Ni kuwa jikan wanda bai amsa ba ne."

Da ya koma Fagge ya jiƙa tawada, ya rubuta amsar a ƙasan takardar, ko da yake babu wanda zai kai wa.

An ce Abdulƙahhar ya rasu a Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma har ƙarshen ransa duk ayarin da ya sauka daga Kano sai ya je zango ya tambaya ko akwai saƙonsa. Haka mulki yake: yakan ɗora mutum a kan kujera, ya nisanta shi da wanda zai karanta masa abin da aka rubuto masa.