Ɗamarar 'Yartsanar Auta

"Wai ina 'yar robar da ke cikin kwalin nan ta shiga?"

Auta tana bayan ƙofa ta ji Yayanta yana wannan tambaya. Ba da ita yake ba. Shi kaɗai yake magana, yana zazzage kwali a tsakar gida.

Ta leƙa. Ga babur ɗin Baba a tsaye. Ga sifanoni a jere kan tsumma. Ga tsohon kwano cike da baƙin mai.

Sai ta dubi 'yartsanar da ke hannunta. A ƙugunta akwai wata baƙar roba, zagayayya kamar awarwaro. Da safe Auta ta gan ta cikin kwalin, ta ɗauka. Ta zauna wa 'yartsanar daram, kai ka ce don ita aka yi ta.

Wannan rana babba ce a wurin Yaya. Baba ya yarda ya yi wa babur juye shi kaɗai. Zai zubar da tsohon mai, ya canza filta, wato abin da ke tace dattin mai, sannan ya zuba sabo. Kuma Baba ya yi masa alkawari. In aikin ya yi kyau, zai kai shi garejin abokinsa bakanike ya koyi gyara a lokacin hutu. Yaya ya daɗe yana wannan buri. Ko cokali ya lanƙwashe a gidan, shi ke miƙe shi.

Auta ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta sake duban ɗamarar. Ta yi kyau ƙwarai.

"Ai roba ce kawai," ta ce a ranta. Ta ɓoye 'yartsanar a ƙarƙashin filo.

Yaya ya duba ƙarƙashin babur. Ya duba aljihunsa. Ya ɗaga tsumma ya kakkaɓe. Da ya gaji, sai ya ɗauki tsohuwar robar ya mayar, ya rufe murfin filta, ya ɗaure.

Da yamma Baba ya dawo daga kasuwa a ƙafa. Ya tayar da babur, ya kasa kunne.

"Madalla," ya ce. "Ka ji murya kamar ta sabo."

Yaya ya yi ta murmushi har kunne.

Washegari Mama ce ta fara gani, tana shara.

"Malam, zo ka ga babur ɗinka ya yi fitsarin kwance!"

Kowa ya fito. A ƙarƙashin injin mai ya taru, faɗinsa ya kai faranti. Wani ɗigon yana rataye a jikin murfin filta. Ya yi nauyi, ya faɗo, ɗis.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya shafa da yatsa.

"Ka sa sabuwar roba?" ya tambayi Yaya.

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ban gan ta ba, Baba. Tsohuwar na mayar."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba? Da na hau na yi nisa fa? Mai ya tsiyaye a hanya, inji ya ƙone. Da me zan riƙa zuwa aiki?"

"Wallahi tana cikin kwalin da farko..."

"To ƙafa ta yi ta fita? Wanda bai iya adana roba ba, wa zai ba shi injin mutane? Maganar gareji a bar ta tukuna."

Yaya ya juya ya nufi bayan tankin ruwa.

Mama ta zuba wa Auta abin karin kumallo, ta kasa ci. Ta ɗauki bokiti kamar za ta ɗebo ruwa, ta zagaya ta leƙa.

Yaya yana zaune kan bulo. Hawaye na bin kumatunsa, yana sharewa da bayan hannu. Auta ba ta taɓa ganin Yaya yana kuka ba. Ko ranar da ƙusa ta soke shi a ƙafa bai yi ba.

Ya ɗago ya gan ta. "Ke, me kike kallo? Ƙwaro ne ya faɗa mini a ido."

Ta ajiye bokitin ta ruga ɗaki. Ta ɗaga filo. Yanzu ɗamarar ba ta yi mata kyau ba ko kaɗan.

Baba yana tsugune gaban babur lokacin da ta zo. Ta miƙa masa 'yartsanar da hannu biyu.

"Ni kuma me zan yi da 'yarki?" in ji Baba.

"Ɗamarar, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na ɗauka. Na ji Yaya yana nema, na yi shiru."

Baba ya dubi ƙugun 'yartsanar. Ya dubi Auta. Mama ta sa gefen zane ta toshe baki.

"Ikon Allah," Baba ya ce. "Babur yana zubar da mai, ashe 'yartsana ce ta sha ado."

Auta ta fashe da kuka. Baba ya jawo ta jikinsa.

"Ya isa. Ɗaukar da kika yi kuskure ne, don ba ki san amfaninta ba. Shirun da kika yi shi ne laifi. Kin ga wanda ya sha faɗa a kan abin da kika yi?"

Ta gyaɗa kai.

"To je ki kira shi. Ki fara ba shi haƙuri."

Yaya ya zo, idonsa ja. Auta ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya harare ta. Sannan ya ja mata kunne kaɗan. "Ɓarauniyar roba."

Baba ya ce, "Kai ma na yi maka saurin hukunci. Amma kana da naka. In abu ya ɓace, a faɗa. Ba a rufe murfi a kan matsala. Ɗauko sifana."

Suka sa kwano a ƙasa. Yaya ya kwance notuna, ya cire murfin. Ya zaro tsohuwar robar ya nuna wa Auta. Ta bushe, ta baje, har ta tsage a gefe guda.

"Ta nan man yake bi," ya ce.

Baba ya juya sabuwar a hannunsa, ya duba ta da kyau. Ba ta tsinke ba, ba ta saki ba. Yaya ya goge ta tas, ya goge bakin murfin. Ya lakato sabon mai da yatsa ya shafa mata. Ya zaunar da ita a gurbinta a hankali.

"Ɗaure kaɗan-kaɗan, kana zagayawa," in ji Baba. "Kada ka matse kamar kana kokawa da shi."

Suka ƙara mai har ya kai alama. Suka goge jikin injin ya bushe. Baba ya yago farin kwali ya shimfiɗa a ƙasa.

"Auta, ga aikinki. Ko ɗigo ɗaya kika gani, ki faɗa."

Yaya ya tayar da babur. Auta ta kwanta rub da ciki, ta ƙura wa kwalin ido. Ko ƙiftawa ba ta son yi. Injin ya yi zafi. Aka kashe shi, aka jira. Har kaza ta zo ta leƙa ta wuce.

"Babu komai!" ta yi ihu. "Fari tas!"

Baba ya dafa kafaɗar Yaya. "In an yi hutu, ka shirya. Za mu gareji."

Yaya ya yi tsalle har ya kusa kifar da kwanon mai.

Mama ta yanko ƙyalle ja ta ɗaura wa 'yartsanar sabuwar ɗamara. "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido," ta ce. "Abin da ba naki ba, komai ƙanƙantarsa, ki tambaya. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, kafin ya faɗa kan wani."

"Na ji, Mama."

Mama ta dubi Yaya. "Kai kuma me ya sami idonka ya yi ja haka?"

"Ƙwaro ne," ya ce da sauri. Ya saci kallon Auta.

Auta ta gyara wa 'yartsanarta ɗamara, ba ta ɗago ba. Ta faɗi laifinta, don nata ne. Amma abin da ta gani a bayan tanki na Yaya ne. Wannan kam ba wanda zai ji shi daga bakinta.