Maƙwabtan Bayan Rumbu

Magariba ta kawo jiki a Gwandu. Kaji sun shige akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Malam Ɗalha. 'Yarsa Amatullahi ta gama kwashe tuwo, ta ɗauki ragowar ruwan zafi ta watsa bayan rumbu. Ba ta ajiye tukunyar ba sai dutse ya faɗo, ƙwas, a ƙofar ɗakin kakarta, Inna Delu.

Inna Delu ta rasu da damina a Kalgo, inda aka kai ta jinya gidan 'yarta, can kuma aka binne ta. Tun da Ɗalha ya dawo ya sa wa ɗakin kwaɗo. Bai zubar da hawaye ba, bai kuma yarda a ambaci sunanta a gabansa ba.

Jifa ta zama ta kullum. Daga baya aka fara jin murya siririya tana kewaya rumbun, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Sai Amatullahi ta kwanta. Ta daina ci, ta daina gane mutane, idan rana ta faɗi ta miƙe ta dafa kwaɗon nan tana gunji. Yarinya mai dariya har da riƙe ciki, wallahi ta koma abin tausayi.

Ƙawayenta biyu, Jidda da Sadiya, su ne ba su guje ta ba. Jidda ba ta da tsoro ko na sisi, ta rantse yaran unguwa ne ke jifar. Suka barbaɗa toka a bayan katanga, gari ya waye babu sawun kowa. Suka zauna suna lura da tsakar gidan.

"Ke Sadiya, kin lura? Ba a jifar ko'ina sai ƙofar Inna. Kuma ba a farawa sai an zubda ruwan tuwo."

Sadiya ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Kin tuna abin da Inna ke cewa in za ta zubda shi, muna yi mata dariya? Bismillahi, maƙwabta ku kauce da ɗiyanku."

Ba su iya tunkarar Ɗalha ba. Suka bi hanyar Masama da ƙafa, suka durƙusa gaban Malam Zayyanu mai ruƙiyya, suka kwashe komai suka faɗa masa.

Ya iso bayan la'asar, ya zauna kan tabarma yana karatu a hankali har inuwa ta cinye gidan. Amatullahi ta sandare. Bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Bari ƙona ni, malam. An riga an ƙona mini ɗa."

"Yarinya ce, ba ta sani ba. Ramuwa kika zo yi?"

"Ɗana ya warke. Ba shi ya kawo ni ba," in ji muryar. "Ina Delu? Tun tana amarya take yi mana magana kowace magariba. Na ga an fita da ita a mota. Ina ta buga mata ƙofa, ba ta buɗe ba."

Jidda, mai bakin nan, ta sa mayafi ta toshe bakinta.

"In ba za ta dawo ba, ku bar mini wagga, muryarsu ɗaya."

"Wannan kam ba ki samu," in ji Malam Zayyanu. "Amma za a faɗa miki gaskiya, ki fita ki bar ta har abada. Kin yarda?"

"Na yarda. Ɗanta ya faɗa mini da bakinsa."

Malam ya juya ya dubi Ɗalha. Mutumin ya dubi 'yarsa da ta rame kamar kara, sannan ya durƙusa.

"Inna ta rasu," ya ce. "Tana Kalgo. Inna ta rasu, baiwar Allah."

Nan ya fashe da kuka irin na yaro, kukan da ya riƙe tun damina.

"Aka yi zaman makoki, kowa ya zo, mu da muke gida ɗaya ba wanda ya gaya mana," in ji muryar. "Allah ya ji ƙanta. Ɗalha, Allah ya ba ka haƙuri. Mun tashi, ba mu da kowa a nan kuma."

Amatullahi ta yi atishawa, ta sulale jikin Sadiya. Da ta buɗe ido, ruwa ta fara nema.

Ba a sake jifa ba. Ɗalha ya cire kwaɗon, ƙawayen suka share ɗakin. Da Amatullahi ta ji ƙarfi ta koma murhu. Magariba ta yi, ta ɗauki ruwan zafi ta tsaya bayan rumbu.

"Bismillahi, maƙwabta ku kauce da ɗiyanku."

Jidda ta ce a hankali, "Ai sun tashi, Amatu."

"Na sani," ta ce. Ta ɗan jira, kamar yadda Inna ke yi, sannan ta zuba.