Ki Biyo Daga Baya

"Yau ma ba za mu tafi ba, Vicko?"

"Haba masoyiyata... jugo ce fa ke kaɗawa. Ba a yin magana mai nauyi ranar jugo, kowa ya sani."

Na leƙa ta tagar masaukinmu a tsibirin Korčula. Teku a kwance luf, ko ganyen ɓaure ba ya motsi. Na ja tsakin da sai da ya ɗago kai daga filo.

Jugo iskar kudu ce mai ɗumi, wadda mutanen tsibiri suke ɗora wa laifin komai. Ciwon kai, jugo. Miya ta ƙone, jugo. Ƙato ya kasa buɗe baki ya gaya wa uwarsa ya yi aure, nan ma jugo ce.

Mijina ke nan. Watanni ke nan da aka ɗaura mana aure a Split, inda muke aiki a asibiti ɗaya. Mamata da yayana Jozo suka sauko daga ƙauyenmu na Imotski da kayansu na zuwa coci. Daga ɓangaren ango kuwa ko mutum ɗaya bai zo ba. Wai mahaifiyarsa, šjora Vinka, wato uwargida Vinka, tana da hawan jini, ba a faɗa mata irin wannan labari a waya.

Ni na san ba jini ba ne. Laifina ɗaya, ni Vlajina ce. Haka Boduli, mutanen tsibiri, suke kiranmu mu 'yan bayan duwatsu, suna yatsina fuska kamar sun ji warin bunsuru. Su da kakanninsu suka rayu a kan busasshen ɓaure da kifin da bai kai yatsa ba!

Shi ya kawo shawarar tafiyar, da bakinsa.

"Za mu bi tsibiri-tsibiri mu ci amarcinmu, Neda, mu ƙare a Mljet, gidanmu. In riƙe hannunki mu sauka tare a gaban kowa."

Ba ƙaramin alkawari ba ne wannan. A garinsu idan jirgin ruwa ya iso, kowa sai ya fito bakin gaɓa, tsofaffi a kan benci, mata a gindin bango, a ga wa ya zo, da wa kuma ya zo. Macen da ɗan gari ya sauko da ita a hannunsa, magana ta ƙare, ta zama tasu. Abin da nake jira ke nan, ba wani abu ba.

A tsibirin Brač, gaskiya na ji daɗi. Ya koya min iyo, ni da na girma ban san ruwan da ya wuce na rijiya ba. Ya tallafe ni yana dariya, yana cewa, "Saki jikinki, zuciyata, ina nan, ba zan sake ki ba!" Na so shi a ranar kamar in mutu. A can ɗin ne kuma ya zauna ya cinye cukun tumakin da Mamata ta naɗe da hannunta ta ce a kai wa surukarta.

"Vicko! Tsarabar mamarka ce fa!"

"Ai ba ta cin cukun tudu... yana tayar mata da ciki," ya ce, bakinsa cike.

Nasa cikin dai lafiya lau ya kwana.

A Hvar ne na fara ganin ainihin mutumin da na aura. Muna tafe a bakin gaɓa, hannunsa a kafaɗata, sai na ji ya zame kamar wanda ya taɓa garwashi. Wata dattijuwa ce ta tunkaro mu da kwandon kifi, baƙin gilashi a goshi.

"Vicko? Ɗan Vinka? Ikon Allah! Zo nan in gan ka!"

"Gwaggo Perina... ina wuni? Ashe kina nan?"

"To ina zan je? Wannan fa?" Ta dube ni daga takalmi zuwa gashi, ta sake komawa kan takalmin.

"Neda ce... tare muke aiki."

"Neda wa? 'Yar gidan wa?"

"Nediljka, Gwaggo," na ce, na ba ta cikakken sunana. "Daga Imotski."

Sai ta yi wani ɗan murmushi, irin na wanda ya tsinci ƙuda a miya.

"Ayya... Imotski. Ai kuna da ƙoƙari, ku mutanen can. Kin taɓa ganin teku kuwa kafin yau, 'yata?"

"Na gani, Gwaggo. Daga saman dutsenmu muke hango ku, 'yan ƙanana."

Vicko ya yi wata dariyar yaƙe, gumi na bin wuyansa. Da ta wuce ya dawo zai mayar da hannunsa kafaɗata, na ture shi.

Daga nan ne wai jugo ta taso. Kullum da safe sai ya leƙa sama ya girgiza kai. Yau akwai wani kogo da ya kamata in gani, gobe wani abokinsa zai gasa mana kifi. Mljet tana can gaba kaɗan, ana hango duwatsunta da rana, amma mu sai zagaye muke.

Shi ya sa a safiyar nan ta Korčula na jawo akwatina na fara cusa kaya.

"Me kike yi haka?"

"Jirgin rana zan bi. In ka ga dama ka zo, in ba ka ga dama ba ka zauna ka auri jugo."

"Neda, don Allah... ba ki san Mama ba ne. Tun da Baba ya rasu ni kaɗai gare ta. Ta riga ta sa rai da..."

"Da wa?"

"Babu... babu kowa."

"Da 'yar tsibiri mai gonar zaitun, ko? To ka gaya mata ka yi ɓatan kai ka auro mai warin awaki. Ko ni in gaya mata?"

Sai ya durƙusa a gabana, ya kama hannuwana biyu, idanunsa sun kawo ruwa. Allah ya ba Vicko idanu, wannan kam ba a ƙwace masa.

"Ke ce rayuwata, Neda. Na rantse da kabarin Baba, yau za ta ji. Yau!"

Ni ma da wauta, sai na share masa hawaye.

A cikin jirgi hannuna yana cikin nasa, yana ta sumbatar yatsuna. Da duwatsun Mljet suka matso, sumbar ta ragu. Da aka fara hango jajayen rufin gidaje, tafinsa ya jiƙe sharkaf. Da aka fara rarrabe mutanen da ke tsaye a gaɓa, ya zare hannunsa wai zai gyara igiyar takalmi. Takalmin ko igiya ba shi da ita.

"Ga ta can," ya ce a hankali. "Mai baƙar riga... ga su Gwaggo Luce ma, ga maƙwabta... kai, kowa ya fito."

"To ai haka muke so."

"Masoyiyata, saurara... bari in fara sauka ni kaɗai. In gaishe ta, in kai ta gida ta zauna, ta sha maganinta. Ke ki biyo daga baya, cikin baƙin nan masu yawon buɗe ido. Akwai wurin shan kofi a gefen..."

"Cikin baƙi?"

"Na ɗan lokaci ne kawai!"

"Vicko, kabarin babanka fa ka rantse da shi."

"Ai yau ɗin ba ta ƙare ba..."

Kallonsa kawai na yi, dogo, kyakkyawa, mai faɗin kafaɗa, ga shi ko zuciyar ɗan tsako babu a ƙirjinsa.

Aka jefa igiya, aka shimfiɗa gadar sauka. Ya saɓa jakarsa ya yi gaba ba waiwaye. Šjora Vinka ta buɗe hannuwa tana kiran sunansa, mata suka yanyame shi, wannan ta ja kumatu, waccan ta ce ya rame. Baƙi suka bi ta gefena da jakunkunansu har suka ƙare. Ni ina tsaye a bakin ƙofar jirgi da akwatina.

"'Yan mata, za ki sauka ne?" in ji ma'aikacin jirgin. "Ba ma daɗewa a nan, Dubrovnik muka nufa."

Zuciyata ta ce in ba shi dama ɗaya, ta ƙarshe. Na cika ƙirjina da iska, na kira shi da muryar da muke kiran juna da ita daga dutse zuwa dutse a garinmu.

"Vickooo!"

Gaɓar ta yi tsit. Tsofaffin kan benci suka juyo. Šjora Vinka ta kare ido da tafin hannu tana dubana, sannan ta dubi ɗanta.

"Wace ce wannan mai ihu kamar a kasuwar dabbobi?"

Tsakaninmu bai fi tsawon gadar ba. Taku kaɗan ne, ya miƙo hannu, shi ke nan. Na ga ya dube ni da idanun nan nasa. Har ga Allah, ƙafata ta riga ta ɗaga.

"Wata ce, Mama..." ya ce. "A jirgi muka haɗu."

Na mayar da ƙafata inda take.

"Janye gadarka, malam," na ce wa ma'aikacin.

Jirgi ya ja da baya, ruwa ya buɗe tsakaninmu. Sai a lokacin ya ture matan ya rugo bakin gaɓa yana kiran sunana, yana ɗaga hannu, uwarsa na riƙe da gefen rigarsa. Yanzu da babu gada ya samu murya!

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da taga da kwandon lemo a cinyarta ta taɓa min hannu.

"'Yata, wancan yaron da ke ta kururuwa... naki ne?"

"A'a, Kaka," na ce. "A jirgi muka haɗu."

Na zauna a kan akwatina. Na so in yi tsaki, kuka ne ya fito.