Sharaɗin Baba Zarami

Ranar da Gumsu ta fara ganin Gwadabe, jiƙa ta ya yi sharkaf. Ta je bakin kogin Haɗeja sayen kifi, tartsatsin wutar bandarsa ya kama bakin zanenta, shi kuwa ya suri ƙwaryar ruwan wankin kifi ya sheƙa mata.

"Kai wane irin mutum ne?" ta ce, tana ta ƙarni.

"Wanda bai yarda ki ƙone ba."

Kwana uku tana zaginsa a zuci. Rana ta huɗu sai ga ta wajen sayen kifin da ba wanda ya aike ta.

Ba a jima ba Gwadabe ya aiko neman aurenta. To, ga inda gizo ke saƙar. Mahaifinta, Baba Zarami, sau biyu gobara na lashe masa gida. Shi ya sa a gidansa kowace ƙofa da randar ruwanta, in iska ta taso kuwa ba mai hura wuta, ko yunwa za ta kashe mutum.

"Mai banda?" ya ce, yana tafa hannu. "Wuta a tsakar gida, jinka a bisa kai? Ga Tukur bafatake da soronsa yana jira! Shi Gwadaben ya gina ɗakin ƙasa mai rufin azara kafin girbi, in ba haka ba kada ya ƙara taka mini zaure."

Gwadabe ya gina. Amma don Allah a ina? A fadama, dab da kwalekwalensa!

"Haba Na-hayaƙi, nan fa ruwa ke kwana da damina!" in ji Gumsu.

"Wuta Baba ya ce, hasken idona. Bai ce ruwa ba."

Kogi ya cika, ɗaki ya narke kamar gishiri, ga girbi saura kwana goma. Takaici ya sa Gumsu kuka. Ta aiki gwaggonta Bintu: "Ki ce masa ina sonsa, amma wallahi wautarsa ta ishe ni."

Da hantsi Baba Zarami ya tafi ya gane wa idonsa, Gumsu na biye da shi daga nesa. Sai suka tarar da masunta sun fi arba'in a kan tudu, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na jan azara.

"Wa ya kira ku?" ya tambayi Buba, tsohon cikinsu.

"Kira kuma? Alkawari ne tun na kakanni. Wanda wuta ko ruwa ya ci wa ɗaki a cikinmu, mu duka aka ci wa."

Baba Zarami ya dubi masuntan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni sau biyu ina kwashe tokar gidana ni kaɗai," ya ce a hankali. Ya naɗe hannun riga, ya daka tsawa: "Kai Gwadabe! Murhun nan a nesanta shi da danga!"

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Baba Zarami ya dafa kanta.

"Allah Ya tsare ku daga wuta da ruwa, 'yata. In kuma sun zo, Allah Ya sa su tarar da ku cikin mutane."