Ɗan Rakiyar Da Ba A Sallama Ba

Magaribar ranar ba ta bambanta da sauran magaribun unguwar Sa'alaba ta Jidda ba. Zafi ya fara sakin bango, ladanai suna kira wannan na karɓar wancan, Uwani kuma tana tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Mijinta Alkasim yana alwala a bakin rariya, 'yarsu Zubaidatu tana kwashe shanya. Sai dutse ya faɗo a tsakiyarsu.

Ba jifa ba ne, don jifa daga gefe yake zuwa. Wannan a miƙe ya sauko, kamar an sake shi daga hannu. Uwani ta ɗauka ta juya shi. Fari ne, mai ƙananan ramuka irin na soso, jiƙe yake sharkaf, yana ƙarnin teku. Ta miƙa wa mijinta, shi kuwa bai karɓa ba. Ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba, don ya gane irin dutsen. Da shi ake gina ɗakuna a tsibirin da ya baro.

Alkasim mutumin Maraɗi ne. Umara ta kawo shi da matarsa, suka zauna kamar dubban irinsu, ba iƙama, wato takardar zaman ƙasa. Da kame ya tsananta, Zubaidatu tana goye, wani ya sama masa aiki a wani tsibiri can kudu, cikin Bahar Maliya. Ƙauye ne ɗan mitsitsi: rijiya ɗaya mai ruwan zartsi, masallaci ba ƙyaure, awaki masu cin kan kifi, sai 'yan gidaje da suka juya wa iska baya. Aikinsa ya feɗe kifi, ya barbaɗa gishiri, ya shanya. Babu mai zuwa can neman takarda. Amma hanyar fita ta tashar jirgin ruwa take, a tashar kuwa masu duba takarda ba sa gyangyaɗi a kan mai fita. Ya shiga da niyyar 'yan watanni, har 'yarsa ta zama budurwa ba ta san shi ba sai a muryar kaset.

A bana ne Uwani ta gaji. Ta ɗauki yarinyar, suka ɓuya a bayan motar kifi tsakanin akwatunan ƙanƙara, jirgin ruwa ya haye da motar, suka je ganinsa. Zubaidatu, wadda ta tashi a ɗaki ɗaya ana ce mata ta rage murya, ta ga wurin da mutum zai yi gudu har ya gaji babu mai tambayarsa ɗan wa ne. Ta koyi tsintar ƙaguwa, ta yi baƙi, ta yi dariyar da uwarta ba ta san tana da ita ba. A can ne wata tsohuwa mai suna Sharifa ta gaya musu al'adar ƙauyen. Akwai wani daɗaɗɗen mazauni da ba a gani, ba ya cutar da kowa, aikinsa rakiya. Duk wanda zai bar tsibirin, yana biye da shi har bakin ruwa. Sai mai tafiya ya tsaya ruwa iya idon sawu, ya juyo ya fuskanci ƙauye, ya ɗaga murya ya ce rakiya ta isa, a koma gida, an gode.

Alkasim ya san wannan, ya sha gani ana yi. Amma ranar da wani mai kwalekwale ya raɗa masa cewa an sami kafa, zai iya sauke su su ukun a wata gaɓar da babu tasha, da rarrafe suka shiga jirgin, aka lulluɓe su da komar kamun kifi da tamfal. Mutumin da ya shekara da shekaru yana koyon kada a ji motsinsa, yaya za a yi ya miƙe tsaye a fili ya ɗaga murya? Bai manta ba. Tsoro ne ya fi ƙarfinsa, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Daga ranar dutsen farko, kowace magariba sai duwatsu sun sauko. Ruwan randa ya koma gishiri. Kayan da aka wanke suka daina bushewa. Sannan abin ya koma kan yarinyar. Ta daina zama. Da rana ta yi sanyi sai ta je bakin ƙofa ta tsaya, hannuwa a baya, kai a sunkuye, tsayuwar wanda ya rako baƙo yana jiran a ce masa ya koma. Haka za ta tsaya har ƙafafunta su kumbura. In aka taɓa ta, sai ta saki wani kuka mai tsawo, irin na iska a bakin teku.

Wani gida da an yi kururuwa an tara jama'a. Su kuwa kururuwa ba tasu ba ce. Asibiti takarda ake fara tambaya. Mai gidan hayar ya leƙo sau ɗaya, ya ce in hayaniya ta jawo masa 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, shi bai san su ba. Don haka Uwani ta kwashe katifu da barguna ta shimfiɗe tsakar gida da su, domin duwatsun su sauka ba ƙara. In kukan ya taso, da tafin hannunta take toshe bakin 'yarta, tana ba ta haƙuri tana hawaye. Babu abin da ya kai wannan cin rai, uwa ta danne kukan 'yarta don kada maƙwabta su ji. Alkasim ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi kalmomin sallamar har muryarsa ta dushe, amma ƙofar gidan haya ba bakin ruwa ba ce.

Da yarinyar ta daina cin abinci, wuyanta ya zama kamar sillen kara, Uwani ta je unguwar Kurayyat ta ɗauko Malam Abdulghaffar, wani dattijo mutumin Cadi da aka sani da wannan aiki. Ya zo bayan la'asar. Ya dubi katifun da ke tsakar gida, ya dubi tulin fararen duwatsu a kusurwa. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali, ba tsawa ba duka. Inuwa ta ci rabin bango, ta ci dukansa. Can Zubaidatu ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Ni ma Musulmi ne."

Uwani ta dafe ƙirji. Zubaidatu haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci ce, ba ta iya haɗa magana uku ba ta ce yalla ko halas ba. Wannan kuwa muryar tsoho ce, da tsantsar Hausar Maraɗi.

"Wane ne kai," in ji Malam, "kuma ina ka sami harshen nan?"

"Wurin Alkasim. Shekaru shina zamne bakin ruwa shina magana shi kaɗai, shina kiran sunan ɗiyarshi. Ni ne ke saurare."

Alkasim ya sulale ya zauna a ƙasa.

"To me yarinyar ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komi ba. Rakiya na yi, ba a sallame ni ba. Na biyo su bisa ruwa ina jira, na biyo su cikin mota ina jira. Ita kaɗai ta ɗaga tamfal ta waiwayi ƙauyen tana kuka, sai na riƙe ta, don ban san kowa ba a garin nan. Ƙarfe ko'ina, ƙara ko'ina. Na matsu, Malam. Na fi su matsuwa."

"Ga ƙofa, ka koma gidanku."

"Ban san hanya ba. Ni sawun mutum nika bi. A ba ni ita ta maishe ni, ai tana son wurin."

Nan ne Malam ya ɗaga murya, karo na farko. "Wannan kuma ba za ka samu ba. In ka sake faɗa, zan karanta maka abin da ba za ka so ji ba."

Daga nesa wani ladani ya gyara murya.

"To wanda ya fito da ni shi maishe ni," in ji muryar. "Da ƙafarshi, har rijiya. In ya tashi yanzu, yanzu zan sake ta. Amma kada shi waiwayo, kada shi amsa kira. In ya waiwayo, inda idonshi ya sauka nan zan koma, ba da son raina ba."

Malam ya sa shi ya rantse, ya rantse. Sannan ya juyo ya dubi Alkasim, bai ce masa ya je ba, bai ce kada ya je ba. Kowa a gidan ya san shiga tsibirin ba wuya, mai motar kifi zai kai shi gobe. Fitar ce sai an dace, shi kuwa dacewarsa ɗaya ya samu a tsawon rayuwar 'yarsa.

"Baban Zubaida," in ji Uwani, "ko wata biyu ba ka yi da mu ba."

"To mi za mu yi, Uwani? Dube ta."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ɗaya da carbi. Ya tsaya gaban yarinyar ya daɗe yana kallonta, don ya san daga nan ba shi da izinin ƙara kallo. Idanunta a buɗe suke, amma ba ita ce a cikinsu ba. Ya sa takalmi, ya buɗe ƙofa, ya matsa gefe guda kamar mai ba wa babba hanya.

"Taso mu tafi," ya ce a hankali.

Zubaidatu ta yanke jiki ta faɗi kan katifa. Wata iska mai ɗanshi ta bi ta gefen Uwani ta fice. Alkasim ya bi bayanta, ya bar ƙofar a buɗe.

Bai kai ƙarshen lungun ba yarinyar ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon dattijon, ta dubi ƙofa, ta hango bayan mutumin da ta sani. Da 'yar muryarta ta kullum, wadda gidan ya yi makonni bai ji ba, ta ce, "Baba? Baba, ina za ka?"

Lungun shiru ne, babu yadda za a yi a ce bai ji ba. Uwani ta ga kafaɗunsa sun girgiza, ta ga tafiyarsa ta tsaya. Yarinyar ta ja numfashi za ta sake kira, uwar ta kai hannu za ta rufe mata baki, sai ta kasa. Ta bar ta ta kira shi da dukan ƙarfinta, har maƙwabta suka buɗe tagogi.

Alkasim ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwansa, ya sha kwana.